Daga Ƙofar Kotu Zuwa Bakin Daji

Duk wanda ya ji an ambaci Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na jihar Katsina a yau, bindiga ce ke fara faɗo masa a rai, kuma ba za a ga laifinsa ba. A watan Yunin 2020 aka yi wa mutanen Kadisau da ke ƙasar Faskari kisan gilla. A daren 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙafa, sai bayan kwana shida aka sako 344. Sabuwa kuwa, da take maƙwabtaka da dajin Birnin Gwari, manomanta sun daɗe suna noma da ido ɗaya a kan garma, ɗaya a bakin daji. Saboda haka idan aka zauna neman mafita, zancen ba ya wuce ƙarin sojoji, jiragen yaƙi, 'yan sa-kai ko sulhu. Wurin da ba a cika leƙawa ba shi ne ofis: caji ofis na 'yan sanda, ƙaramar kotu, sakatariyar ƙaramar hukuma. A ganina cin hancin da ake yi a waɗannan ƙananan ɗakuna yana cikin manyan abubuwan da suka ciyar da dajin, kuma muddin ma'aikacin da ya ci amana bai ga hukunci a bainar jama'a ba, zaman lafiyar da za a samu na aro ne.

A duba yadda ƙaramar rigima take girma. Shanu sun shiga gonar masara da damina sun yi ɓarna. A da, mai unguwa da arɗo kan je su duba, a yi kiyasi, a biya, a watse. Idan maganar ta fi ƙarfinsu ta kai caji ofis, sai a tsare makiyayin, kuma ko da yake doka ta ce beli kyauta ne, 'yan'uwansa sun san sai an kai sa kasuwar Sheme kafin ya kwana a gida. Daga nan a tura kotu, inda za a nemi kuɗin buɗe fayil, kuɗin kai sammaci, kuɗin man babur na zuwa duba ɓarna, yawancinsu babu rasit. Shari'ar da za a gama a zama biyu sai a yi ta ɗage ta. Ranar da aka yanke hukunci, makiyayi ya rasa shanu uku a kan ɓarnar da ba ta kai kuɗin maraƙi ba, manomin da aka yi wa ɓarnar kuma abin da ya shiga hannunsa bai kai kuɗin motar da ya kashe ba. Dukansu biyu sun koma gida da darasi ɗaya, wato kotu ta mai kuɗi ce. Masu binciken da suka bi diddigin rikicin Arewa maso Yamma, irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sun sha nuna cewa ƙorafin tatsa daga hannun jami'an tsaro, kotuna da wasu masu sarauta yana cikin tushen fitinar. A tarukan sulhun da Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi da 'yan daji a 2019, irin wannan kuka ya yi ta fitowa. Haka nan burtali da makiyayar da aka yanka aka mayar gonakin masu hali, ba da bindiga aka fara ƙwace su ba, da sa hannu da hatimi aka yi.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da talaka ya daɗe da sani. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a Yulin 2024, ya kiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun miƙa wa ma'aikatan gwamnati tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721 a matsayin cin hanci. Cikin mutanen da wata hulɗa ta haɗa su da ma'aikaci, kashi 27 cikin ɗari sun ba da na goro. Matsakaicin abin da ake bayarwa ya ɗan haura naira 8,000, amma wanda ake kai wa alƙalai da majistarori ya kai kimanin naira 31,000, shi ne mafi tsoka a jerin. Wani abin da ya kamata ya tsaya wa kowa a rai shi ne, mai ba da cin hanci a ƙauye ya fi na birni yawan bayarwa a shekara. Wanda ya fi kowa rashi shi aka fi tatsa, domin shi ne bai san doka ba, ba shi da lauya, ba shi da lambar wayar wani babba.

Masu mulki ma ba su musanta ba. A 2024 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya faɗa a gidan talabijin cewa ta'addancin daji ya zama kasuwanci, kuma akwai wasu a cikin gwamnati da jami'an tsaro da ke cin moriyarsa. A 2021 an dakatar da hakimin Ƙanƙara na lokacin, daga baya aka raba shi da rawaninsa bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. A maƙwabciya Zamfara, wadda Faskari ke iyaka da ita ta ɓangaren Tsafe, kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya zargi sarakuna 5 da hakimai 33 da hannu a lamarin. Waɗannan maganganu masu nauyi ne, kuma nauyinsu ne ya sa bai kamata su tsaya a hira da rahoto ba. Tuɓe rawani, dakatarwa, ko canja wa jami'i wurin aiki, matakai ne na gudanarwa. Ba sa gaya wa matar da aka kashe mata miji abin da ya faru, kuma ba sa ba wanda ake zargi damar wanke kansa idan ƙage aka yi masa. Shari'a a buɗe, da shaidu da hujja, ita kaɗai ke yin wannan aiki biyu.

Haka lamarin yake a sakatariya. A Satumbar 2025 gwamnatin Katsina ta karɓi rahoton tantance ma'aikatan ƙananan hukumomi 34 da hukumomin iliminsu, inda aka bi ta kan ma'aikata 50,172, aka cire 3,488 daga jerin masu albashi, aka ce hakan zai ceto sama da naira miliyan 450 duk wata. Aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai ma'aikacin bogi ba ya shigar da sunansa da kansa. Akwai wanda ya rubuta, akwai wanda ya duba ya amince, akwai ma'ajin da ya biya, akwai mai binciken kuɗin da ya kawar da kai shekara da shekaru. Idan aka goge sunayen aka bar hannayen da suka rubuta su, bayan 'yan shekaru za a sake kafa wani kwamitin. Kuma a yanki irin wannan asarar ta wuce ta kuɗi: kowane sunan bogi a takardar albashin firamare aji ne da babu malami, a ƙauyen da yaron da ya bar makaranta yake da masu zawarcinsa a daji. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tambayar wa ke sa ido a kan baitulmalin Sabuwa ko na Faskari ta ƙara zama wajibi.

A ɓangaren shari'a, yawancin hayaniyar da ake ji daga sama take zuwa. A Oktoban 2016 jami'an tsaron farin kaya suka dira gidajen wasu alƙalai cikin dare, har da na Kotun Ƙoli. A ƙarshen 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba za a gurfanar da alƙalin da ke kan kujera kan abin da ya shafi aikinsa ba sai majalisar ƙoli ta harkokin shari'a, NJC, ta fara hukunta shi. A 2019 aka dakatar da Babban Jojin Najeriya Walter Onnoghen kan batun bayyana kadarori, kotun ɗa'ar ma'aikata ta same shi da laifi, sannan a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Duk wannan bai taɓa rayuwar mutumin Sabuwa ba. Shi ba ya zuwa gaban alƙalan da NJC ke kula da su. Gaban majistare yake tsayawa, ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci, kuma ladabtar da waɗannan yana hannun hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, mai zama a birnin Katsina. Kafin ma ya ga alƙali, sai ya ratsa magatakarda, masinja da ɗan sanda mai gabatar da ƙara, kuma sau da yawa a nan kuɗin ke tsayawa, ana karɓa da sunan alƙalin da bai ma san an yi ba. Mutumin da bai iya rubutu ba, ga hanya ba tsaro, ta yaya kokensa zai isa Katsina?

Masu kare ma'aikata za su ce albashi ne bai isa ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya riƙe gida wata guda, ƙarin kusan kashi 300 cikin ɗari da aka yi wa alƙalai a wannan shekarar kuwa na manyan kotuna ne, bai sauko kan majistare da alƙalin ƙauye ba. Ɗan sandan da aka tura bakin daga ba tare da man mota ba, an riga an tura shi aljihun mai ƙara. Dole a gyara wannan. Amma talauci bai isa ya bayyana komai ba, domin da yunwa ce kaɗai ke sa cin hanci, da bai kai ofisoshin da ake ƙoshi ba, kuma a kowace kotu da kowace sakatariya akwai masu karɓar wannan albashin da hannunsu bai taɓa haram ba. Su ne ma rashin hukunci ya fi zalunta, don kullum suna ganin wanda ya ci yana gina gida, su ana yi musu kallon marasa wayo.

Wasu kuma za su ce wannan zance yana nema wa 'yan ta'adda uzuri, ko kuma yana karya gwiwar jami'an da ke ba da ransu. Babu zaluncin da aka yi wa mutum a kotu da zai halatta masa kashe masallata ko sace yara, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da bindiga a yau kuɗin fansa ne ya kai su, ba wani tsohon ƙorafi ba. Gano inda wuta ta tashi ba wanke mai ƙone-ƙone ba ne. Game da jami'an tsaro kuwa, sojan da ke kwana a rami a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ba shi da maƙiyin da ya wuce abokin aikin da ya karɓi kuɗi ya bar man fetur ko harsashi ya wuce shinge, ko ya saki ɓarawon da aka sha wahalar kamawa. Sakin irin wannan ne ke sa mutanen gari su daina kai rahoto, domin wanda suka tona gobe zai dawo ya san ƙofar gidansu. Shi ne kuma ke sa 'yan sa-kai su yanke hukunci a bakin kasuwa, a kashe mai laifi da marar laifi, ramuwa ta biyo baya.

Akan kuma ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, wato jama'a ne ke miƙawa, har wasu su ce al'adarmu ce. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Fiye da shekara 200 da suka wuce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar toshiya da sayar da hukunci cikin laifukan da ya tuhumi masu mulkin ƙasar Hausa da su. A binciken 2023 ɗin nan ma, Arewa maso Yamma ce ta fi kowace shiyya yawan waɗanda suka taɓa ƙin bayarwa da aka nema, kashi 76 cikin ɗari. Amma a duk ƙasar, ƙasa da kashi 9 cikin ɗari na waɗanda suka biya ne suka kai ƙara. Mutane ba sa son abin, sun dai yanke ƙauna cewa kai ƙara zai haifar da wani abu. Uban da ɗansa ke tsare ba ciniki yake yi ba, fansa yake biya.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne inda sulhu ya haɗu da shari'a. Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa a 2020 saboda kisan Kadisau, an naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto ta jihar Zamfara a 2022, sannan a 2025 aka gan shi a taron sulhu a ƙasar Faskari. A farkon 2026 kuma ta bayyana cewa gwamnatin Katsina na neman a saki mutum 70 da ake tuhuma da ta'addanci, ta kuma kare matakin da cewa sulhu ya sa an sako ɗaruruwan mutanen da ke hannun 'yan daji. Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ya san darajar wannan, kuma ban ga wanda ke zaune lafiya a birni da zai raina ta ba. Sai dai a gidajen yarin Najeriya kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi, wasu a kan akuya ko bashi. Idan mai bindiga ya fita ta ƙofar sulhu, mai kuɗi ya fita ta ƙofar baya, wanda ya rage a ciki shi ne marar ko ɗaya, kuma matasan Faskari suna kallo. In har za a yi afuwa, a yi ta a fili: a faɗi sunaye da tuhuma, a faɗi dokar da aka dogara da ita, a saurari waɗanda aka zalunta.

Abubuwan da za su fara sauya lamarin ba su fi ƙarfin jiha ba. A liƙa kuɗin kowace hidimar kotu da Hausa, da boko da ajami, a ƙofar kowace kotu, kuma kada a karɓi ko sisi ba rasit. Majistarori su riƙa kai ziyarar duba waɗanda ke tsare a caji ofis duk wata, kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada. Hukumar kula da ma'aikatan shari'a da hukumar karɓar koke da yaƙi da rashawa ta jiha su riƙa zama a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ranar kasuwa, su karɓi koke da baki, su ɓoye sunan mai kawowa. Kowace ƙaramar hukuma ta bayyana abin da ya shigo mata da inda ya tafi duk wata. Waɗanda kuma suka sa hannu a kan takardun albashin sunayen bogin da aka gano a 2025, a kai su gaban alƙali, a karanta sakamakon shari'ar a rediyo.