Majalisar Tarayya da Gonakinmu

'Yan'uwa manoma, sau da dama a taron gama kai, in maganar gona ta taso, mukan ji wani ya ce, "A kai kuka wurin sanata." To, ya kamata mu san iyakar ikon Majalisar Tarayya tukuna, kada mu ɓata kuɗin mota a banza.

Majalisar nan ɗaki biyu ce. Ta Dattawa tana da mutum 109, wato uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, ɗaya kuma daga Abuja. Ta Wakilai tana da 360, an raba su bisa ga yawan jama'a. Doka ba ta tsayawa sai ɗakunan biyu sun yarda, Shugaban Ƙasa ya sa hannu. In ya ƙi, sa'an nan kashi biyu cikin uku na kowane ɗaki suka sāke amincewa, ta zama doka ke nan. Su ne kuma ke duba kasafin kuɗi kowace shekara, har da na taki da madatsun ruwa.

Amma zancen ƙasa dabam ne. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A ƙauye kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙon gona. Aka ɗaure dokar cikin Tsarin Mulki na 1979, aka maimaita a na 1999. Saboda haka ko dattawa da wakilai sun haɗa baki, ba su iya taɓa ta, sai majalisun jihohi 24 sun goyi baya. Ɗan majalisar jiha da muke rainawa, wanda muke gamuwa da shi ran kasuwa, yana da hannu a ciki ke nan.

Ga inda dokar ke cizo. In gwamnati ta karɓi gona domin hanya ko madatsa, ba kuɗin ƙasar ake biya ba, sai na amfanin gona, da itatuwa, da gini. Don haka bari kowace ƙungiya ta sa magatakardanta ya rubuta iyakar gonar kowa a littafi, da yawan ɗorawa, kaɗanya da mangwaron da ke ciki, mai unguwa ya shaida, tun masu awo ba su zo ba.