Ruwa ya ci gida: ƙaƙa banki yake ba da bashin gini?

Damanar 2024 ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Nijar. Ranar 30 ga Agusta ruwa ya auka ma garin Maraɗi. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa mai shekara fiye da 150, ya faɗi. Mutanen da ambaliya ta taɓa cikin ƙasa duka sun zarce miliyan 1.

In ɗaki ya faɗi, magidanci yakan ce bari ya je banki. To, taimakon gwamnati daban, bashin banki daban. Banki ba ya duban yawan hasarar mutum. Abin da yake tambaya shi ne: da me za a biya, kuma me za a riƙe in ba a biya ba?

Ma'aikaci mai albashi yana da sauƙi, don ana cire kuɗin daga albashinsa kowane wata. Manomi ba ya da albashi. Shi sai jingina, ko wani ya tsaya masa.

Nan gizo ke saƙa. Babban banki yana son takardar mallakar fili, wadda ake ce ma titir fonsiye. Gidajen ƙauye kuwa yawancinsu gado ne. Kowa ya san gidan wane ne, amma banki bai san shaidar baki ba. Tun dokar karkara ta 1993 akwai hukumomin filaye da ake ce ma Kofo. Su ke ba da takardar shaidar gona ko fili, bayan mai gari da maƙwabta sun shaida. Ba kowane banki ke karɓarta ita kaɗai ba, amma da ita ake farawa. Wanda ya same ta kada ya ajiye ta ƙarƙashin tabarma. Ruwan da ya ci ɗaki ba ya barin takarda.

Wurin ginin ma ana dubawa. Filin da ke bakin gulbi ko cikin kwari ba ya da daraja wajen jingina, don gobe ma ruwa zai biyo hanyarsa.

Bashi yana da riba a kansa. A 2014 ƙasashe masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma sun tsaida iyaka: banki kada ya wuce 15 cikin 100 a shekara, asusun ajiya da bashi kada ya wuce 24. Ke nan, a kan jikka 100, ribar asusu tana iya kai jikka 24. Ya kamata mai cin bashi ya sa a karanta masa takarda duka kafin ya dangwala yatsa.

Wanda ake bi bashi tun kafin ambaliya, bashin yana nan. Gara ya je da wuri ya roƙi a ƙara masa lokaci.

Akwai wata hanya da ba ta bukatar takardar fili: jinginar hatsi. Lokacin kaka ƴan ƙungiya suna zuba hatsi ko wake cikin magaza. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen asusu. Asusu ya ba da kuɗin da bai kai darajar hatsin duka ba. In bazara ta yi, hatsi ya yi tsada, a biya bashi a buɗe magaza. Kuɗin ba su gina gida duka, amma suna iya sayen azara da kwano da ƴan buhunan siminti na gindin bango.