Su Wa Suka Rage A Asibiti?

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya babban asibitin gwamnati ya san yadda abin yake. Tun asuba ake layin yankar kati. Rana ta take, ba a ga likita ba. In an yi sa'a an shiga, kafin mutum ya gama faɗin abin da ke damunsa an riga an rubuta masa magani, an kira na baya. Sai mu koma gida muna gunaguni, muna cewa ma'aikatan asibitin zamanin nan ba su da tausayi, nas ta yi mana tsawa, likita ko kallonmu bai yi ba. Gaskiya ne, akwai masu mugun hali a cikinsu kamar yadda ake samu a kowace sana'a. Amma ruwa ba ya tsami banza. Bari mu leƙa bayan labulen nan mu ga abin da ke can.

A shekarar 2024 Ministan Lafiya na Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke ƙasar kimanin 55,000 ne, mutanen ƙasa kuwa sun wuce miliyan 200. Watau likita ɗaya ga mutum wajen 4,000. Ko wannan lissafi ma yana ruɗin mutum, gama sama da 12,000 daga cikinsu a Legas da Abuja suke. Mutumin ƙauye a Zamfara ko Yobe ko Taraba bai san wannan rabo ba. Ministan ya ƙara da cewa a cikin shekara biyar likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar. A wannan shekara kuma hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ta ce 42,000 daga cikinsu sun fita a cikin shekara uku kacal. Ingila suka nufa, da Amurka, da Kanada, da Saudiyya. Yarabawa suna kiran wannan tafiya japa, sunan kuwa ya bi ƙasa duka.

Ba da dare suke sulalewa ba. A watan Agusta na 2021, sa'ad da likitoci masu neman ƙwarewa suke cikin yajin aiki, masu ɗaukar ma'aikata domin Saudiyya suka zauna a wani otal a Abuja, likitoci ɗaruruwa suka yi layi da takardunsu a hannu. Shekara biyu kafin wannan, Ministan Ƙwadago na lokacin, Dokta Chris Ngige, ya ce ƙasar tana da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Ashe sun ji shi.

Me ke korarsu? Kuɗi yana ciki, ba shakka. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin wata takwas, albashi kuwa bai bi ta ba. Har zuwa ƙarshen 2021, alawus ɗin da ake ba ma'aikacin asibitin tarayya domin hatsarin aikinsa naira 5,000 ne a wata. Hatsarin kuwa ba na wasa ba ne. A watan Janairu na 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano, daga wurin aiki suka ɗauko shi. A watan Disamba na 2023 'yan bindiga suka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan asibitin ido na Kaduna, ta yi wata goma a hannunsu. Tun a 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawari za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi a ranar, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba.

Amma hankalinmu a yau yana kan waɗanda suka rage. In mutum uku suna aikin kwana a ɗakin haihuwa, biyu suka tafi, mata ba za su daina naƙuda ba. Wadda ta rage ita ce za ta karɓi haihuwa a gadon nan, ta sa ƙarin ruwa a wancan, ta je neman jini, ta amsa wa miji da ke tsaye a bakin ƙofa, in wuta ta ɗauke ta kama tocila da baki. Gari ya waye, mai canjinta ba ta zo ba, gama ita ma tana can tana neman biza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi kuwa mun bar wa hannu ɗaya.

Akwai gajiyar da barci yake maganinta, akwai wadda ba ya yi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin ta biyun, ta ce daga nauyin aiki mai daɗewa take fitowa, ta kuma ba da alamunta uku. Ƙarfin mutum yakan ƙare sarai. Zuciyarsa takan yi nisa da aikin, har ya soma ganin masu zuwa wurinsa kamar kaya. Daga nan aikin kansa ya soma lalacewa a hannunsa. Mai karatu, dubi alama ta biyun nan da kyau. Ita ce muke gamuwa da ita a bakin ƙofar likita muna kiranta rashin tausayi. Yarinyar da ta shiga makarantar nas da murna, wadda ta yi kuka ranar da jariri ya fara mutuwa a hannunta, bayan shekara goma ba ta da sauran hawaye. Mai gajiya irin wannan yakan yi kuskuren awon magani, yakan manta da wanda ke zubar da jini a gadon ƙarshe. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Dalilan suna da yawa, amma rashin ƙwararren hannu a kan kari yana gaba-gaba.

Maganar nan ta shigo har cikin gidajenmu. Gidaje nawa ne a cikinmu suka sayar da hatsi da awaki suka koyar da 'ya aikin nas? Ranar da takardarta ta Ingila ta fito, mukan yi godiya, mu dafa shinkafa, gama ita za ta biya wa ƙannenta kuɗin makaranta. Mako na gaba mu kai tsohuwa asibiti mu yi fushi domin babu nas. Ba mu ga laifin mai tafiya ba, tana da iyali kamar kowa. Sai dai wadda ta zauna, ita ce ke shan zagin da ya kamata ya tafi wani wuri. Har dūka ma wasu 'yan'uwan majinyata sukan yi wa ma'aikata in rai ya yi halinsa, ko da yake sai da ciwo ya ci ƙarfin mutum a gida da kemis aka kawo shi.

Hukuma ta gwada rufe ƙofa. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida, likitoci suka tashi tsaye a kansa. A 2024 aka ce sai nas ta yi shekara biyu a bakin aiki kafin a tantance mata takardun fita, nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganinmu ɗaure akuya ba ya sa ta ƙoshi. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta amince da sabon tsari a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, ta kuma ƙara yawan ɗaliban da makarantu za su ɗauka. Su kuwa likitoci masu neman ƙwarewa, a 2025 ƙungiyarsu ta umarci 'ya'yanta kada kowa ya ƙara yin aikin da ya wuce awa 24 a jere. A babban asibitin koyarwa wannan yana iya yiwuwa. A asibitin ƙaramar hukuma inda likita ɗaya ne tak, wa zai karɓe shi?

Ƙarin ɗalibai abu ne mai kyau, amma ba a girbe shi bana. Karatun nas shekara uku ne zuwa biyar. Na likita shekara shida ne a jami'a, da shekara guda ta horo a asibiti. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2025, in yajin aikin malamai bai tsare shi ba, sai 2032 zai sami cikakken lasisinsa.