Yadda Injin Jirgin Sama Ya Yi Ƙarfi Har Aka Amince Da Shi

In mota ta lalace, sai direba ya gangara gefen hanya a nemo makanike. Jirgin sama kuwa ba shi da gefen hanya. Shi ya sa masu ƙera jiragen farko suka fi damuwa da abu biyu: inji ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba, kada kuma ya mutu a sama.

Ran 17 ga Disamba 1903 wa da ƙane, Wilbur da Orville Wright, masu sana'ar kekuna a Amurka, suka tashi da jirginsu. Makanikensu Charlie Taylor ne ya ƙera injin, mai silinda 4 da ƙarfin doki 12 kacal. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Babban abokin gaba shi ne zafi. In an sanyaya inji da ruwa, sai jirgi ya ɗauki nauyin ruwan, ga kuma tsoron yoyo. Wajen 1909 aka fito da injin Gnome a Faransa, mai silinda 7 da ƙarfin doki 50. Shi dukan injin ne ke juyawa tare da farfela, iska na sanyaya shi. Amma yana shan man zurma ƙwarai, yana fesa wa matuƙi a fuska, kuma juyawarsa kan sa jirgi wuyar sarrafawa.

Sai matsalar iska. Fetur ba ya ci sai da iska, ita kuwa tana raguwa in an yi sama, sai inji ya yi sanyi. A 1918 Sanford Moss ya hau da injin Liberty kan dutsen Pikes Peak, mai tsawo fiye da mita 4,000, ya haɗa masa na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa masa iska, ƙarfinsa ya komo. Irin wannan inji na Liberty, mai ƙarfin doki 400, shi ne a jirage 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a Nuwamba 1925.

Fetur ma da nasa laifi, don in an matsa shi da yawa yakan fashe ba bisa ƙa'ida ba, ya lalata fistan. A 1921 Thomas Midgley ya gano cewa wani sinadarin dalma yana hana wannan. Daga baya aka tabbatar guba ce ga mutane, har duniya ta daina sa wa motoci a 2021.

Sam Heron kuma ya gyara kan silinda, ya yi bawul mai rami a ciki, da sinadarin da ke kwashe zafi don kada bawul ya ƙone. Aka kuma riƙa sa fulogi biyu a kowace silinda, kowane da mai ba shi wuta daban, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe.

A Mayu 1927 aka ga amfanin wannan wahala. Charles Lindbergh ya tashi shi kaɗai daga Niyok zuwa Faris da inji guda, Wright Whirlwind, mai silinda 9 da ƙarfin doki kimanin 220. Awa 33 da rabi injin bai tsaya ba.

Mun saba jin sunan matuƙi, amma ransa a hannun makanike yake. Matasanmu da ke koyon aiki a gareji, kada ku raina ɗaure noti.