Gwajin ciki da alkama, haihuwa a kan tubali: yadda matan Masar ta dā suka yi goyo

A yau macen da ke Zangon Tamale idan ta yi ɓatan wata, ɗan tsinken gwaji na kantin magani ya ishe ta sanin halin da take ciki. Matan Masar na zamanin Fir'auna su ma da fitsari suke gwajin, amma hatsi ne ma'auninsu.

Wata takardar likitanci mai shekaru fiye da 3,000, wadda ke ajiye a birnin Berlin, ta bayyana yadda ake yi. Mace za ta riƙa jiƙa ƙwayoyin sha'ir da na alkama da fitsarinta kullum. Idan suka tsiro, tana da juna biyu. Sha'ir na nufin namiji, alkama kuwa mace. A 1963 wasu masu bincike a Alƙahira sun jarraba dabarar, suka ga fitsarin masu ciki ya sa hatsin tsirowa a kusan kashi 70 cikin 100, na maza da na matan da ba su da ciki kuwa bai tsirar da komai ba. Batun namiji ko mace dai canki-canki ne kawai.

Akwai takardar da ta girmi wannan, wato ta Kahun, wadda Baturen Ingila Flinders Petrie ya tono a 1889. An rubuta ta wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma cututtukan mata da hanyoyin hana ɗaukar ciki ta ƙunsa, har da wani haɗi mai kashin kada.

Idan naƙuda ta zo, mace kan tsuguna a kan tubala, mata suna riƙe da ita, kusan yadda tsofaffin ungozomomi a ƙasar Hausa da Dagbon suka san haihuwar durƙuso. An daɗe ana karanta labarin waɗannan tubala a rubuce, sai a 2001 Josef Wegner na Jami'ar Pennsylvania ya samo guda a Abydos, da zanen uwa rungume da jaririnta.

Tsoro ne ya mamaye lamarin gaba ɗaya, kuma da dalili. A Kahun an tarar da gawarwakin jarirai cikin akwatuna a ƙarƙashin daɓen gidaje. Ko gidan sarauta bai tsira ba: a kabarin Tutankhamun an samu gawar ’ya’yansa mata biyu da ba su zo da rai ba. Shi ya sa layu suka yi yawa, musamman masu siffar Taweret, gunkiya mai jikin dorina da ƙaton ciki, da Bes, wada mai mummunar fuska da suke ganin yana korar miyagun iskoki.

Shayarwa kan kai shekara uku, abin da ke taimakawa wajen tazarar haihuwa, ya kuma jinkirta ranar da yaro zai dogara da ruwan kogi. Masu hali kan ɗauki mai shayarwa, kamar yadda duk wanda ya san ƙissar Annabi Musa (AS) a gidan Fir'auna zai tuna. Sana'a ce mai daraja: Maia, wadda ta shayar da Tutankhamun, kabari na musamman aka yi mata a Saqqara, wanda Bafaranshe Alain Zivie ya gano a 1996. Yaran kuwa tsirara ake zana su, an aske kai an bar tukku a gefe guda.

Wani tsohon labarinsu ya ambaci kwana 14 na tsarkin mai jego. A Tamale, Hausawa da Dagombawa kan yi suna ran kwana bakwai, wanzami ya yi aski, kuma a al'adar Dagbon mai haihuwar fari kan koma gidan iyayenta ta daɗe tana goyo a hannun tsofaffi.

Abin da likitocin Masar suka rasa shi ne maganin zubar jini, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa, kuma har yau waɗannan na cikin abubuwan da ke kashe mata. Tun 2008 Ghana ta sanya awon ciki da haihuwa kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, kuma Asibitin Koyarwa na Tamale ne ke karɓar masu matsala daga sassan arewa. Ga matar ƙauye, damuwar ita ce nisan hanya da abin hawa, musamman da damina.