Park Jin-young da Da'awar Shuhurar Dare Ɗaya

Tun da waƙoƙin Koriya ta Kudu suka cika wayoyin samari da 'yan mata, wata magana ta yawaita a bakinsu har na gaji da sauraronta, wato wai mawaƙan can ba su da wani jari face kyawun fuska da sa'a, sun kwanta ba a san su ba suka wayi gari duniya ta san su. Waɗansu kuma, waɗanda jahilcinsu ya fi zurfi, sukan rantse asiri ne. Da a hira abin ya tsaya da na yi shiru. Amma mun ga yaro ya yi watsi da karatu, ya jingina waya a jikin bulo yana tsalle a gabanta daga hantsi har la'asar, yana jiran ranar da majigi ɗaya zai mai da shi attajiri, alhali ko sautin muryarsa bai iya riƙewa ba. Hukuncin kiɗa a shari'a malamai sun yi bayaninsa, ba shi ne maƙasudina ba. Abin da nake nufin rushewa shi ne wannan da'awa, kuma hujjata mutum guda ce.

Park Jin-young mawaƙin Koriya ta Kudu ne, marubucin waƙa, kuma mai tsara kiɗa, wato wanda yake ɗaukar ɗanyar waƙa ya gina ta har ta isa kasuwa. A Jami'ar Yonsei ilimin duwatsu da ƙasa ya karanta. Fitowarsa ta farko a 1992, tare da wata ƙungiya, faɗuwa ta yi warwas, ba wanda ya waiwaye ta. Ya je gwaji wurin Lee Soo-man, mai kamfanin SM a lokacin, aka sallame shi. Sai ya koma ya zauna gaban wani gwanin tsara kiɗa, Kim Hyung-suk, zaman almajiri gaban malaminsa, har faifansa na 1994 ya karɓu. Bai tsira daga zargi ba a shekarun nan, musamman kan wani wandon leda mai nuna jiki da ya taɓa sawa a dandali, wanda ni ma ba zan kare shi ba. A 1997 ya kafa kamfanin da daga baya ya zama JYP Entertainment, kuma haruffan nan uku su ne ake ji ana raɗawa a farkon waƙoƙi da dama da ya tsara, matsayin sa hannu.

To, a nan ne mai da'awar dare ɗaya ya kamata ya kasa kunne. Waɗanda suka fito daga hannunsa, irin su g.o.d a 1999, Rain a 2002, Wonder Girls a 2007, 2PM da 2AM a 2008, da Twice a 2015, babu ɗayansu da aka tsinta a titi aka ɗora a dandali washegari. Al'adar kamfanonin can ita ce su ɗauki yaro su ajiye shi a matsayin mai koyo, ya tashi daga makaranta ya wuce ɗakin horo mai madubi daga bango zuwa bango, ya maimaita taku ɗaya har gumi ya jiƙe katakon ƙasa, a koya masa numfashi, da harsunan waje, da ladabin magana, sa'an nan ƙarshen kowane wata a jarraba shi, wanda ya gaza a mai da shi gida ba tare da kowa ya taɓa jin sunansa ba. Jo Kwon na 2AM shekara bakwai ya yi a wannan hali. Jihyo ta Twice ta shiga tana yarinya ƙarama, ta yi shekara goma kafin ta fito, kuma duk da haka sai da ta shiga gasar talabijin inda 'yan mata goma sha shida suka yi takara aka zaɓi tara. Rain kuwa rawa yake yi a bayan waɗansu mawaƙa kafin ya fito da faifan kansa. Idan wannan shi ne asiri, lalle asiri ne mai wuyar haɗawa.

Za a ce mini, ina batun mawaƙi Psy da waƙarsa ta 2012, wadda ta fara kai kallo biliyan ɗaya a YouTube? Amsa ita ce mutumin ya fara tun 2001, kuma waƙar a faifansa na shida take. Bal ma shi Park, da dukan gwanintarsa, bai kuɓuta daga hasara ba: ya tafi Amurka, ya sami shigar da kiɗansa a faifan Will Smith na 2005, ya kai Wonder Girls can, waƙarsu "Nobody" ta hau mataki na 76 a jerin waƙoƙi na Billboard a 2009, abin da wata ƙungiyar Koriya ba ta taɓa yi ba, amma kasuwar ba ta buɗe ba, dukiya ta salwanta, kuma kafin su komo gida waɗansu sun hau kujerarsu. 

Wanda ya nace sai ya shiga wannan sana'a, ko a Kano yake ko a Yamai, ga abin da zan gaya masa. Kada ya bar makaranta, domin wanda bai iya karanta takarda ba shi ake cuta da takarda. Ya nemi gwani ya zauna gabansa, ya koyi rubuta waƙarsa da kansa, ya san yadda ake haɗa sauti a situdiyo, saboda murya tana tsufa amma haƙƙin mallaka yana daɗewa. Park ya rubuta ɗaruruwan waƙoƙi, kuma duk sa'ad da aka sa ɗaya a rediyo ko a gidan nishaɗi, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta Koriya tana karɓar masa rabonsa. Kada ya sayar da waƙa baki da baki don kuɗin cefanen mako. Iyaye kuma, ku ji tsoron Allah, kada ku miƙa ɗanku ga wanda ya yi alkawarin kai shi waje sai an biya kuɗin fom. In an kawo yarjejeniya, a kai wa lauya, a tambayi shekara nawa ce, wa zai biya kuɗin horo, kashi nawa ne na yaro, sunan da zai yi suna da shi na wane ne, kuma ta wace ƙofa ake fita. Koriya kanta sai da ta sha ƙorafin yarjejeniyoyin da aka laƙaba wa sunan bauta, masu kai shekara goma sha uku, kafin hukumar kula da adalcin ciniki ta fitar da ƙa'idar shekara bakwai a 2009. Da wannan ƙa'ida ce 'yan GOT7, waɗanda suka fito a kamfanin Park a Janairun 2014, suka bar shi gaba ɗayansu a Janairun 2021, suka kuma sake fitar da faifai a 2022 da sunansu na asali.