Gasar Rali: Yadda Za Ka Zaɓi Na'urar Auna Tafiya, Da Kuma Inda Wayarka Za Ta Iya Kai Ka

Idan kana kallon bidiyon tseren motoci na rali a YouTube, za ka lura mutum biyu ne a gaban mota: direba, da wani a gefensa riƙe da littafi yana ta yi masa magana. A gaban wannan na biyun akwai wata 'yar na'ura maƙale a dashbod, lambobi na ta gudu a fuskarta. Ita ce ake kira tirifmita, wato na'urar auna tafiya. Babban aikinta shi ne ta faɗa wa mai jagora nisan da mota ta yi daga inda aka tashi, ba tare da kuskure mai yawa ba.

Tambayar da mai waya zai fara yi ita ce: tunda akwai Google Maps, kuma kowace mota tana da maleji, me zai sa mutum ya kashe kuɗi a kan wata na'ura daban? A yau za mu amsa wannan, mu kuma duba abubuwan da ya kamata ka lura da su kafin ka saya.

Me ya sa taswirar waya ba ta wadatar ba?

A gasar rali ba a ba ka adireshi a ce ka je. Littafin hanya ake ba ka. Kowane layi a cikinsa yana ɗauke da abu uku: jimillar nisan da aka yi daga farko, nisan da ke tsakanin alamar da ta wuce da wadda ke tafe, sai ɗan zane da ke nuna mararraba da inda za ka bi. Ana kiran irin wannan zane tulif, sunan da ya samo daga gasar Tulip ta ƙasar Holan.

Misali, layi zai ce a kilomita 12.47 ka yi kwana hagu. Idan akwai hanyoyi biyu na hagu da ke kusa da juna, ɗaya a 12.40 ɗaya a 12.47, tazarar mita 70 ce kawai ta raba daidai da ɓata. Malejin yawancin motoci kuwa mita ɗari-ɗari yake ƙirgawa, kuma ba ka da hanyar gyara shi idan yana ƙari ko ragi. Tirifmita tana ƙirga mita goma-goma, wasu ma mita ɗai-ɗai, sannan ana iya saita ta.

A cikin hamada abin ya fi haka tsanani. Gasar Dakar ta samo asali ne daga ɓatan da wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya yi a kan babur a cikin Sahara a shekarar 1977, lokacin gasar Abijan zuwa Nis. Gasar farko ta tashi daga Faris a ƙarshen Disambar 1978, ta bi ta Aljeriya, ta ratsa Agadas da Yamai kafin ta isa Dakar. Yau a Saudiyya ake yin ta tun 2020, kuma daga 2021 littafin hanyar motoci ya fara komawa kan allon tablet, amma har yanzu ba a yarda ɗan gasa ya shiga da GPS ɗinsa mai taswira ba. Masu shirya gasar ke bayar da nasu, wanda suka kulle. Ke nan mai jagora da lissafin nisa da alƙibla yake aiki.

Dokar farko: na'urarka ta yi daidai da awon masu gasa

Ga wani abu da sababbin shiga ba su cika ganewa ba. Wanda ya rubuta littafin hanya da tasa motar da tasa na'urar ya auna hanyar. Idan kilomitarsa ta ɗan fi ta gaskiya tsawo, haka dukkan lambobin littafin za su fito. Kai kuma da littafinsa za ka yi tafiya. Saboda haka na'urar da za ta amfane ka ita ce wadda za ka iya lanƙwasa awonta ya dace da nasa.

Shi ya sa gasa da yawa ke ware wata hanya da suka auna, su sa alamar farko da ta ƙarshe, kowa ya je ya saita na'urarsa kafin a fara. A ce sun rubuta kilomita 5.00, taka ta nuna 5.08. Za ka ga kamar ba komai, amma kuskuren kashi 1.6 cikin ɗari ne. Idan aka yi kilomita 25, ka zarce littafin da mita 400. Duk na'ura ko manhajar da ba ta ba ka damar wannan saiti ba, ka bar ta a shago, komai kyawun fuskarta.

Daga ina na'urar ke samun nisan?

Wannan tambayar ta fi tambayar sunan kamfani muhimmanci. Hanyoyi uku ne.

Ta farko ita ce sensar taya. Ana ɗaura wata 'yar sensa a bayan taya, tana ƙirga kawunan notuna duk lokacin da suka gifta ta gabanta. Taya mai lamba 195/65 R15 kewayenta ya kusa mita biyu, don haka tana juyawa kusan sau 500 a kilomita ɗaya. Idan notuna huɗu ne, na'urar tana samun ƙirge kusan 2,000 a kowace kilomita, wato duk rabin mita ta san an motsa. Ba ruwanta da sigina, ba ruwanta da duhun daji ko hanyar da ta ratsa cikin dutse.

Matsalarta kuma tayar ce. Idan ka canza zuwa 205/65 R15, kewayen ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, a tafiyar kilomita 50 na'urar za ta yi maka ragin kusan kilomita guda. Rage iskar taya don shiga yashi ma yana taɓa awon. Sannan idan mota ta kafe a taɓo ko yashi, taya tana ta juyawa a wuri ɗaya, na'urar za ta ci gaba da ƙirga tafiyar da ba a yi ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaura sensar a tayar da inji ba ya ja: motar da ke ja da gaba a sa mata a baya, mai ja da baya a sa mata a gaba.

Ta biyu ita ce a ɗauko bayanin daga motar kanta, ko dai daga kebul ɗin maleji a tsofaffin motoci, ko daga siginar gudu da ke fitowa daga giyabos a sababbi. Dutse da taɓo ba sa isa wurin kamar yadda suke isa bayan taya, amma tunda giyabos da tayoyin da ke ja yake haɗe, matsalar kafewa tana nan.

Ta uku ita ce GPS. Babu huda mota, babu jan wayoyi zuwa taya, kuma canjin taya ko kafewa ba sa ruɗa ta. A fili kamar hamada ita ce gwana. Rauninta yana bayyana ne a inda sama ta rufe: cikin dogayen itatuwa, tsakanin duwatsu, ko a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa na'urorin da suka fi tsada suke haɗa biyu, GPS da sensar taya, idan ɗaya ta gaza ɗaya ta riƙe.

To ina matsayin wayarka?

Akwai manhajojin tirifmita a Play Store da App Store, wasu kyauta wasu na kuɗi, kuma da yawansu suna nuna nisa biyu, gudu, da alƙibla. Don koyo, sun isa. Amma ka san iyakarsu.

Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta matsayinsu na GPS. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan lambar da kake gani a allo tana iya zama a bayan inda kake da tazarar da ta kai haka. A hanya mai yawan kwana kuma, manhajar tana ja layi miƙaƙƙe ne tsakanin ɗigo da ɗigo, sai ta yanke kwanar, awon ya fito ƙasa da na gaskiya. Maganin da mutane ke yi shi ne sayen ƙaramar na'urar GPS ta waje mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, wadda ke sabuntawa sau 10 a daƙiƙa. Da ita tazarar ta sauko zuwa ƙasa da mita 3.

Abu na biyu zafi ne. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Wayar da aka maƙala a gilashin gaba, rana na dukanta, allo a kunne da cikakken haske, GPS na aiki, ga caji a jiki, ba ta daɗewa take dusashe haskenta ko ta daina caji. Na uku, taɓa allo a cikin motar da ke tsalle a kan gargada ba ƙaramin aiki ba ne. Yatsa ya kuskure, ka goge jimillar nisa maimakon ƙaramin, ka shiga uku.

Wace irin gasa za ka shiga?

Rali kala-kala ne, kuma kowanne da abin da yake buƙata.

Akwai na gudu zalla a hanyar da aka rufe, irin gasar Safari ta Kenya da aka fara a 1953. A cikin zangon gudu, mai jagora bayanin kwanoni yake karanta wa direba. Tirifmita tana yi masa aiki ne wajen bin littafin hanya tsakanin zango da zango, da tabbatar da isa wurin rajistar lokaci a kan minti. Na'ura mai nisa biyu da agogo ta wadatar.

Akwai na kiyaye lokaci, inda ba a neman wanda ya fi gudu. Ana ba ka matsakaicin gudu, a ce kilomita 45 a awa, sai a ɓoye masu duba lokaci a hanya, a rubuta maka maki na laifi a kan kowace daƙiƙar da ka yi gaba ko ka makara. A wannan gudun mota tana cin mita 12.5 a daƙiƙa, don haka kuskuren mita 100 daƙiƙa 8 ne. Nan ne awo mai kyau ya fi tsada.

Sai na hamada, inda ban da nisa ana buƙatar alƙibla a lambobin digiri daga 0 zuwa 360. Wannan sai na'ura mai GPS.

Kafin ka biya ko sisi, karanta dokokin gasar. Da yawa daga gasannin tsofaffin motoci a Turai sun hana na'ura mai GPS ko mai lissafa matsakaicin gudu, wasu ma sun hana amfani da waya. Za ka iya sayen mafi tsada a ce ka cire ta a wurin tantance motoci.

Sunayen da za ka ci karo da su

Brantz da Terratrip na Ingila ne. Brantz International 2 tana nuna nisa biyu da manyan jajayen lambobi, Retrotrip ɗinsu kuma an yi ta ne da siffar na'urorin da don gasar tsofaffin motoci. Terratrip 202 ta fi sauƙi, 303 ta ƙara lissafin lokaci da matsakaicin gudu, kuma akwai samfurinsu mai GPS. Monit na ƙasar Niyu Zilan ne, samfurinsu G-100 da G-200 suna da GPS a ciki. Sai kakarsu, Halda ta Suwidin, wadda ba ta lantarki ba ce: ƙananan giyoyi ake canza mata kafin awonta ya daidaita. Sababbin na'urorin nan farashinsu ɗaruruwan fam ne na Ingila, ban da sensa da kuɗin kawowa.

Abubuwan da za ka duba a jikinta

Nisa biyu a lokaci guda: jimilla, da ƙarami wanda ake mayarwa sifiri a kowace alama.

Maɓallin sifiri na hannu ko na ƙafa mai doguwar waya, don mai jagora ya danna ba tare da ya ɗauke ido daga littafi ba.

Ƙirga da baya. Idan kun zarce mararraba kuka juyo, na'urar ta riƙa ragewa har ku dawo inda kuka kauce.

Damar ƙara ko rage mita goma-goma ana cikin tafiya, don ka daidaita da littafi duk lokacin da kuka iso wata alama tabbatacciya kamar gada.

Ajiye saiti fiye da ɗaya, idan kana da tayoyi kala biyu.

Allon da ake gani da tsakar rana, kuma ana iya rage haskensa da dare.

Wajen haɗawa kuma, ka nemi ƙwararren mai wayarin mota ya jawo wutar daga batir ta cikin fis, ba daga ramin caja ba, domin girgiza tana kwance filogi. Wayar sensa ta yi nesa da wayoyin fulogi da kwayil, saboda tartsatsinsu yana iya sa na'ura ta ƙirga abin da babu.

Ta ina za ka fara?

Idan ba ka taɓa zama a kujerar mai jagora ba, kada ka sayi komai tukuna. Sauke manhaja, ka samu aboki mai mota, ku zaɓi hanyar da ba cunkoso, ku rubuta ɗan littafin hanya na kilomita goma, sannan ku ba wasu abokan su bi shi da gudun da doka ta yarda. Wayar tana hannun na gefe, direba idonsa na kan titi. Ku bi hanyar sau uku ku kwatanta lambobin. Bambancin da za ku gani shi zai nuna muku iyakar wayar taku.

Idan abin ya shiga ranka, mataki na gaba shi ne GPS na waje. Ranar da ka yi rajistar gasa ta gaske, sai ka ɗauki takardar dokokinta, ka ga abin da ta yarda da shi, ka duba ko hanyar fili ce ko daji, daga nan ka zaɓi sensa, sannan ka zaɓi na'urar da za ta karɓe ta. Ko wacce ka saya, ka saita ta a hanyar awon masu gasa da tayoyin da za ka shiga da su, da iskar da za ka bari a cikinsu.